Zanen Jirgin Ruwa Tsakanin Tsibiran Dutse: Zama Ɗaya ko Shafi Bayan Shafi?

Mai wannan zane da fentin mai yana da hanya biyu: ya gama a zama ɗaya tun fenti na ɗanye, ko ya riƙa ɗora shafi bayan na ƙasa ya bushe.

Zama ɗaya ya fi dacewa da teku. Da jan buroshi guda, kumfar da ke dukan gindin dutse ta saje da shuɗin ruwa, tsibiran nesa su dusashe cikin hazo. Matsalar tana wurin igiyoyin jirgi: ka ja siririn layi kan ɗanyen sararin sama, sai ya kwashi fari ya dagule.

Idan jirgin ne abin kallo, shafi bayan shafi ya fi, sai dai yana son haƙuri. A fara shimfiɗa duwatsu da launin amba, ruwan ƙasa mai duhu, a tsinka shi da tafentin, ruwan da ake sirka fentin mai da shi. Yakan bushe cikin kwana 1 zuwa 2. Kowane shafi na sama a ƙara masa man linsid, man da ake kwaɓa fentin da shi, fiye da na ƙasansa. In aka juya tsarin, na sama zai riga bushewa, fenti ya tsattsage. Igiya ta karkace? A goge da tsumma, busasshen shafin ƙasa ba zai taɓu ba. Farin fentin titaniyam mai kauri a kan kumfa kuwa yakan wuce mako bai bushe ba, banish kuma, wato shafin ƙarshe mai kare zanen, sai bayan wata 6.