Mass Effect: Wanne Ya Dace Mai Neman Labari Ya Saya A Cikin Ukun?

Wanda ya yi niyyar sayen wasan bidiyo na Mass Effect saboda labarinsa ya kamata ya san cewa wasannin uku ba daidai suke ba wajen ƙarfin rubutu, domin kowanne ya yi fice ne a inda ɗan'uwansa ya gaza. Kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ne ya ƙirƙire su, ya fitar da na farko a 2007, na biyu a 2010, na uku kuma a 2012. Dukkansu suna bin Kwamanda Shepard, sojan da mai wasa yake zaɓa masa jinsi da kama da hali, a yaƙinsa da Reapers, wasu manyan injuna masu hankali da ke dawowa duk bayan kimanin shekaru 50,000 su shafe halittun da suka waye a sararin samaniya. Abin da ya bambanta su da yawancin wasanni shi ne hukuncin da mutum ya yanke a na farko yana biyo shi har na uku, kuma a kan wannan ne duk shawarar sayen take rataye.

Na farkon, wanda Drew Karpyshyn ya jagoranci rubutunsa, shi ne mafi tsari. Labarin yana faruwa a shekarar 2183, yana da maƙiyi ɗaya bayyananne, Saren, kuma asirin yana buɗewa ne sannu a hankali har zuwa tattaunawar da ake yi da Sovereign a duniyar Virmire, inda mai wasa yake gane cewa Sovereign ɗin, wanda ya ɗauka jirgin Saren ne, ashe ɗaya ne daga cikin Reapers kuma shi ne uban tafiyar. A wurin ne kuma ake tilasta masa zaɓen wanda zai ceta tsakanin abokan tafiyarsa biyu, Ashley da Kaidan. Wannan wasa ne ya gina duniyar gaba ɗaya: majalisar Citadel, gabar ƙabilar Quarian da injunan Geth da suka ƙera da hannunsu, da cutar genophage da aka sa wa ƙabilar Krogan don rage musu haihuwa. Rauninsa shi ne abokan tafiyar sukan yi magana kamar masu ba da darasin tarihin ƙabilarsu, sannan ƙananan ayyukan gefe suna maimaita gini iri ɗaya har mutum ya ƙosa.

Na biyun ne jama'a suka fi yabo, kuma a nan nake ganin mai saye yana bukatar lura. Ta fuskar mutane, babu kamarsa a cikin ukun. Shepard yana tattara mayaƙa 12, idan an haɗa da biyun da suka zo a ƙarin labaran da ake saye dabam, kuma kowannensu yana da nasa aiki na musamman da ke tono abin da ke cin sa a rai. Mordin Solus, likitan da ya taimaka wajen sabunta genophage, yana kare abin da ya aikata da hujjoji masu ƙarfi alhali kana ganin lamirinsa bai kwanta ba. Thane makashi ne da ciwon ajali ya kama, yana neman shiryawa da ɗansa. Tali kuwa, 'yar ƙabilar Quarian, ana tuhumarta da cin amana a gaban mutanenta. Aikin ƙarshe yana auna duk abin da ka yi a baya, domin kowa yana iya mutuwa, har da Shepard kansa, gwargwadon yadda ka gyara jirgin Normandy da yadda ka raba wa mutanenka aiki. Sai dai idan aka cire waɗannan, babban labarin bai matsa gaba sosai ba. An kashe Shepard a farkon wasan, ƙungiyar Cerberus ta dawo da shi bayan shekaru biyu, amma rubutun bai tsaya ya tambayi abin da hakan ya yi wa ransa ba, kuma Collectors, 'yan koren Reapers da aka yi ta yaƙa, ba su da wani tasiri mai yawa a kan yaƙin da ke tafe. Sakamakon haka, nauyin warware komai ya faɗa kan na uku.

Na ukun, ƙarƙashin jagorancin rubutun Mac Walters, yana ɗauke da mafi kyawun sassa da mafi rauni a lokaci guda. Abin da ke faruwa a Tuchanka, duniyar Krogan, game da maganin genophage, da abin da ke faruwa a Rannoch, duniyar asali ta Quarian, tsakaninsu da Geth, su ne ƙololuwar jerin, domin yadda suke ƙarewa ya danganta da wanda ka bari da rai a wasannin biyu na baya. Wanda ya kashe Wrex, abokin tafiyarsa ɗan Krogan, a na farko zai tarar da wani shugaban Krogan dabam, kuma amincewa da shi ba ɗaya ba ce. Ƙarshen ne ya jawo fushi: an miƙa wa mai wasa zaɓi uku daga bakin wata halitta da bai sani ba, kuma hotunan rufewar ba su bambanta sosai ba in ban da launi. Koke-koken sun yi yawa har BioWare ya fitar da wani ƙarin ƙarshe mai suna Extended Cut kyauta a watan Yunin 2012, wanda ya ƙara bayani da damar ƙin zaɓin gaba ɗaya. Ya rage giɓin, amma tushen matsalar yana nan.

Game da abin da za a saya, sabon bugun Legendary Edition na watan Mayun 2021 shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Ya haɗa ukun a wuri ɗaya a kan PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, ya gyara hoto da sarrafawar na farko, kuma ya ƙunshi kusan duk ƙarin labaran da a da ake saye dabam. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Lair of the Shadow Broker da Leviathan da Citadel da abokin tafiya Javik suna cike wuraren da asalin wasannin suka bari a buɗe. Abin da babu a ciki shi ne ƙarin Pinnacle Station na wasan farko da wasan haɗin gwiwa ta intanet na kashi na uku, kuma mai neman labari ba zai yi kewarsu ba. Tsofaffin faifan Xbox 360 ko PlayStation 3 suna iya yin araha a hannun masu sayar da na hannu, amma yawanci ba su da waɗannan ƙarin.

Akwai abubuwan da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. A kwamfuta wasan yana neman wuri har gigabayit 120, saboda haka mai sayen data da tsada zai fi samun sauƙi da faifai idan yana da na'urar da ke karɓarsa. Maganganun suna da yawa, kuma sai mai jin Turanci ko Faransanci sosai zai more su. An kuma ware wasan ga masu shekaru 17 zuwa sama saboda zubar da jini da wasu wuraren soyayya, don haka bai dace a saya wa yara ba.

Mai ƙarancin lokaci yana iya farawa daga na biyu, ya yi amfani da gajeren labarin zane mai suna Genesis wajen yanke manyan hukunce-hukuncen na farko. Farawa daga na uku kuwa ba na ba kowa shawararsa, domin Tuchanka da Rannoch ba za su yi nauyi ba ga wanda bai taɓa zama da Mordin da Tali ba.