Wayar tafi-da-gidanka ta ofis: wacce za ka saya idan kana da sito a Garwa da reshe a Marwa

Shekara uku ina kula da wayoyin wani shagon sari mai sito biyu a Garwa da reshe ɗaya a Marwa, a arewacin Kamaru. Abin da Alhaji mai shagon yake so bai wuce ɗaya ba: ya danna lamba uku daga kan teburinsa, yaron sito ya ɗauka ko yana can bayan buhunan shinkafa, ko kuma ya tura masa rubutaccen saƙo cewa mota ta iso.

Salula da WhatsApp kowa ya san su, amma lambar ta yaron ce, ranar da ya bar aiki ya tafi da kwastomominka. Wayar Wi-Fi tana shan batir, kira kuma yana yankewa da ka zagaya bayan gini. Oba-oba ta masu gadi ce.

Ni DECT nake so, wato wayoyin hannu marasa igiya masu aiki da tasharsu ta kansu, kuma a cikinsu Gigaset N870 IP Pro ce ta kwanta mini. Kana kafa ƙananan tashoshi a jikin bango, kowacce na kaiwa kimanin mita 50 a cikin gini, har 300 a fili. Ma'aikaci na tafiya yana magana, kiran ya tsallaka daga wannan tasha zuwa waccan bai ma sani ba. Igiyar intanet ɗin da ke shiga tashar ita ke kawo mata wuta, don haka idan ka ɗora komai a kan batir ɗaya a ofis, ko an ɗauke wuta waya na aiki. Marwa kuwa, kilomita wajen 200, ana haɗa ta ta intanet da na'urar rarraba kira guda, irin su Asterisk ko 3CX. Kiran reshe ba ya cin kati. Sai dai ka tambaya tun kafin ka biya: rubutaccen saƙo zuwa kai, wato wayar da ake riƙewa a hannu, yakan buƙaci manhaja da lasisi daban, kada a ce maka yana cikin kwali.

Yealink W80 ma ba laifi idan kuɗi sun yi kaɗan. Grandstream DP750 kai biyar kawai take ɗauka, ta ƙaramin shago ce.

Yanzu ga inda na ƙone. Wani dillali ya kawo mini kwali shida da araha, an rubuta DECT 6.0 a jiki, ya ce sabon samfuri ne da ya fi na da. Ƙarya ce. Wannan na kasuwar Amurka ne, yana aiki a mitar rediyo 1920 zuwa 1930 MHz, cikin hurumin 3G na salula. Irin na Turai da ya dace da mu 1880 zuwa 1900 ne. Kawunan suka ƙi haɗuwa da tashoshinmu, shi kuma ya daina ɗaukar kirana. Juya kwalin ka karanta mitar da idonka.

Batir ma haka. Na jabu ba ya kai zafin Afrilu a Garwa, sai ka ga murfin baya ya kumbura. Wasu kuma tsohon kai suke wankewa su sa a sabuwar leda. Buɗe murfin, ka gwada lambar ciki da ta kwali. Kada ka ba da ko dala sai an yi rajistar kowane kai a tashar a gabanka, an kira Marwa, ka ji muryar mutum.