Tankin ruwan CPAP ya yi fari: a wanke ko a sayi sabo?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce tankin ruwan na'urar CPAP ta maigida, wato mai hura masa iska ta takunkumin fuska yana barci, ya yi fari fat a gindi bayan wata takwas, kina so ki san ko wanki zai isa ko sai an nemi sabo. Ni ma shekarata huɗu ina kwana da irin wannan na'ura saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, tanki uku na kashe, don haka bari in jera miki hanyoyin biyu ki auna.

Wannan farin ba cuta ba ne, ba kuma lalacewa ba. Irin wanda kike gani a gindin butar shayi ne. A ƙarƙashin tankin akwai farantin ƙarfe da ke ɗumama ruwan, iska ta bi ta kansa ta kwashi danshi ta kai hanci, gishirin da ke cikin ruwan kuwa ba ya tashi da tururi, sai ya zauna ya daskare. In dai wannan ce kaɗai matsalar, wanki ya wadatar. Ki zuba farin ruwan khal kashi ɗaya a ruwa kashi goma, wanda shi ne awon da kamfanin ResMed ya bayar a littafin na'urarsa ta AirSense 10, ki bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, ki goga da soso mai laushi, ki ɗauraye sosai har warin ya fita, ki kife a inuwa ya bushe. Kada ki sa sosan ƙarfe, kada ki sa bilic ko sabulu mai ƙamshi. Duk abin da ya rage a tankin nan huhun maigida zai tafi har asuba. Masu ɗiga man turare ko habbatussauda a ciki wai don buɗe hanci su ma su daina, yana cin robar kuma ba wurinsa ba ne.

Sauyawa kuwa tana da nata alamun, kuma wanki ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Ki ɗaga tankin ki haska shi da fitilar waya. In kin ga tsaga ko da siririya kamar gashi, ko robar ta dushe ta yi hazo wanda khal bai fitar ba, ko farantin ƙarfen ya yi ƙananan ramuka, to ya gama aiki. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne robar nan mai laushi da ke zagaye da murfi. Tawa ta farko ita ta ci amanata. Na yi mako biyu ina jin wani siririn fito a cikin dare, ina tashi da busasshen maƙogwaro, ina ta zargin takunkumin fuska, ashe robar ce ta saki iska na zurarewa ta gefe. Sai ranar da na tarar da ruwa ya jiƙa littafin da ke kan teburin gado na gane. Iskar da ta zurare ita ce maganin, ita ke riƙe maƙogwaro a buɗe, don haka tanki mai yoyo ba abin lallaɓawa ba ne.

A Amurka inshorar Medicare tana biyan sabon tanki duk wata shida, daga nan ne wannan lissafin na wata shida da kike ji ya bazu. Mu da sai an yi oda ko an roƙi mai zuwa daga waje, ni dai ra'ayina ido ya fi kalanda. Tankin da ake zubar da ruwansa kowace safiya, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano mara ƙamshi duk mako, yana iya wuce haka lafiya lau.

Ruwan da ake zubawa shi ke yanke wa tanki kwana. Wanda kamfanoni suka fi so shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ana samunsa a manyan kemis, ba ya barin fari ko kaɗan. Ruwan roba da na leda suna da gishiri, sai dai in babu wancan za su yi, ki ƙara yawan wanki kawai. Ruwan burtsatse shi ya fi kowanne saurin ɓata tanki. Tafasa shi tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire gishirin duka. Ruwan batir na bakin tasha kada ki kusance shi, ba don shaƙa aka yi shi ba, kuma a gefen jarkar asid ake sayar da shi.

In ya kama a saya, ki duba sunan na'urar da kyau, don tankin AirSense 11 ba ya shiga AirSense 10 duk da kamfani ɗaya ya yi su. Na AirSense 10 kala biyu ne, na gama-gari da wanda aka yi don ya jure injin wanke kwanuka. Na biyun ya ɗan fi tsada, amma shi zan zaɓa wa duk gidan da tataccen ruwa ke wahalar samu, tunda zai sha wanki. Mililita 380 yake ɗauka, kuma da hunturu kina iya tarar da shi ya ƙafe kafin kiran assalatu. Kada hakan ya sa ki cika shi ya wuce layin iyakar ruwa da ke jikin tankin. Ki ciro tankin daga na'urar kafin ki zuba masa ruwa, kuma kada a ɗaga na'urar ko a sa ta a jaka da ruwa a ciki, in ya kwarara ya shiga injin to maganar tanki ta wuce, ta koma ta sabuwar na'ura.

Daga yadda kika kwatanta, ki fara da khal yau da safe, in ya bushe ki cika shi zuwa layi ki ɗora kan busasshiyar takarda na awa ɗaya ki ga ko za ta jiƙe.