Abincin Istanbul ya burge ni, amma ban huce da abin da aka yi mana ranar Litinin ba

Tun da muka dawo ake ta kirana ana tambaya, wai a biya tsarin nan na ma'aurata da ake tallarsa a Facebook, mai haɗe da otal da ɗauka daga filin jirgi da yawon gari da zagayen cin abinci, ko kuwa a haƙura? Gaskiya har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri guda ba. In na tuna abin da muka ci a unguwar Kadikoy ta Istanbul sai in ji kamar in ce kowa ya je ya biya. In kuma na tuna ranar Litinin, sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi abin. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Duk wanda ya ga tallar ya san su, ya kuma san kuɗin da suke karɓa ba na wasa ba ne.

Otal ɗin ba shi da laifi. Ɗaki tsaf, kusa da tashar tiram ta layin T1, direba kuma ya zo ya ɗauke mu a kan kari. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan, don ba otal ne ya kai ni Turkiyya ba.

Abin da ya kai ni shi ne ɗakin Amanoni Masu Tsarki da ke cikin fadar Topkapi. Shi maigida burinsa ya ga teku ya ci abinci. Ni kuwa tun ina yarinya nake jin labarin wani ɗaki a Istanbul da aka ajiye alkyabbar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, da takubban sahabbai, kayan da aka fara kawowa bayan Sultan Salim na Farko ya ci Masar da yaƙi a 1517. Kafin mu biya komai sai da na rubuta musu na tambaya, suka amsa mini a rubuce cewa Topkapi tana cikin jadawalin Litinin, har kuɗin tikiti an haɗa. Saƙon yana nan a wayata ban goge ba.

Ɗan jagoran ya fara da kyau, ba zan zalunce shi ba. Yana jin Turanci da ɗan Larabci, ya kuma san tarihin garinsu. Ya kai mu Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara gininsa a 1609, ya nuna mana shuɗin tayil ɗin nan sama da 20,000 da aka yo a garin Iznik. Daga nan muka tsallaka fili zuwa Aya Sofiya. Ya ba mu labarin yadda aka gama ta a matsayin coci a 537 zamanin sarki Justiniyan, Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da ita masallaci da ya buɗe garin a 1453, ta koma gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da sallah a cikinta a 2020. Masu zuwa kallo suna biyan yuro 25 su hau bene. Mu azahar ce ta riske mu, sai muka shiga ƙasa muka bi jam'i a ƙarƙashin wannan ƙubba da ba ta misaltuwa. Na fito jikina a sanyaye, ina ta yi wa kamfanin addu'a a raina.

To ku lura da wannan: daga Aya Sofiya zuwa babbar ƙofar Topkapi taku kaɗan ne, a bayanta take. Amma sai mutumin nan ya ce wai layi ya yi tsawo a yanzu, mu je mu sha shayi mu huta, kafin mu dawo jama'a sun ragu. Muka yarda, don shi ne ɗan gari. Aka zuba mu a mota tare da sauran baƙi, aka yi ta tafiya, ashe shagon dardumai za a kai mu.

Aka zaunar da mu a kan benci, aka kawo shayin tuffa a ƙananan kofuna. Wata mata tana zaune a gefe tana saƙa, aka yi mana bayanin ƙulli biyu da masaƙan Turkiyya suke yi, aka fito da dardumar siliki ta Hereke ana juya ta a gaban fitila tana sauya launi. Aikin yana da kyau, ba na musu. Sai dai ba kallo aka kawo mu ba, ciniki aka kawo mu. Samari suka yi ta warware dardumai a gabanmu ɗaya bisa ɗaya har tsakiyar ɗakin ta cika, kowane ma'aurata aka ba su mai tallarsu ya manne musu. Namu da ya ga ba mu da niyya sai ya koma rage kuɗi, ya rage, ya sake ragewa, ya ce har gida za su aika mana. Na taɓa maigida na ce, "Alhaji, lokaci fa yana tafiya." Ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, bari in yi masa magana." Ya tashi ya samu ɗan jagoran a bakin ƙofa yana shan shayi da mai shagon. Amsar da ya samu ita ce, "Yaya, minti biyar." Wannan minti biyar ɗin a cikinta la'asar ta same mu. Wasu daga cikin abokan tafiyar suna ciniki, kuma motar ba za ta tashi ba sai sun gama.

Da muka fito na ɗauka shi ke nan. Ina! Sai ga mu a shagon rigunan fata, har da kiɗa da 'yan mata suna zagaye suna nuna kaya. Maigida mutum ne mai sanyin hali, amma a nan na ga fuskarsa ta canja. Ya ce wa ɗan jagoran ko ya kai mu Topkapi yanzu ko mu sauka mu nemi hanya da kanmu. Ya rantse za mu samu shiga. Duk wanda ya san cunkoson motocin Istanbul da yamma ya san sauran labarin. Muna isa muka tarar tagar sayar da tikiti a rufe. A nan ne ma asiri ya tonu, ashe tikitin da aka ce an haɗa mana cikin kuɗi ko sayensa ba a yi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce gobe ma rana ce. Ga allo kuwa a gabanmu an rubuta ƙarara cewa ba a buɗe fadar ranar Talata. Mutumin da kullum sana'arsa ke nan, shi ne zai ce bai sani ba? La'adarsa ya bi, ya sayar da wuninmu ga masu shago. Na tsaya a bakin ƙofar nan hawaye suka zubo mini, mutane suna fitowa daga ciki suna hira, ni ina waje.

Da dare maigida ya kira ofishinsu. Wanda ya ɗauka ya ce ziyarar shaguna tana cikin "sanin al'adun gari", kuma jadawali yana iya sauyawa saboda cunkoso. Ko kalmar ban haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba. A daren nan da za a tambaye ni, cewa zan yi kada kowa ya kusanci waɗannan mutane.

Washegari ba don maigida ya matsa ba da ban fita zagayen abincin ba. Allah ya sa na fita. Wata mata suka turo, mai fara'a, kuma tun a bakin otal ta tambaye mu abin da ba ma ci da abin da ba ma so a kai mu kusa da shi. Ba ta sa mu a mota ba. Ta saya mana katin Istanbulkart ta nuna mana yadda ake ɗora masa lira, muka hau tiram zuwa Eminonu, muka shiga jirgin fito irin wanda 'yan gari suke shiga zuwa wurin aiki. Cikin abin da bai kai rabin awa ba mun bar Turai mun shiga Asiya. Mai shayi yana yawo da faranti, tsuntsayen teku suna bin jirgin ana jefa musu simit, zagayayyen burodin nan mai riɗi, suna cafewa a iska. Ga hasumiyar Galata a gefe, ga ƙubbobin masallatai a baya. Maigida ya ce da wannan kaɗai ya zo gani, kuɗin jirginsa sun fita.

A kasuwar Kadikoy ta fara da karin kumallo: menemen, wato ƙwai da aka dafa cikin tumatir da koren tattasai a ƙaramin kasko, da cuku iri-iri, da zaitun, sai kuma kaymak da zuma. Wannan kaymak ɗin, wallahi ban taɓa sa irinsa a baki ba. Saman madara ne mai kauri, a lakato shi da burodi mai zafi a dangwala zuma, ya narke tun kafin a tauna. Ta hana mu cika ciki, ta ce hanya da sauran nisa, kuma ta yi gaskiya. Muka ci lahmajun, siririn burodi da aka shafe da niƙaƙƙen nama aka gasa a tanda, ana matsa lemon tsami a zuba ganyen faski a naɗe. Muka kora da ayran, kindirmo mai ɗan gishiri. Da na ce abincin ya yi mini salam, ba ta ji haushi ba, ta sa aka kawo isot, baƙin barkonon Urfa mai ƙamshin hayaƙi, ta ce duk inda muka zauna mu nemi shi ko pul biber, wato dakakken jan barkono. Wannan shawara ita ta gyara mini sauran kwanakin. Ta ba mu ruwan tsamin kayan lambu a kofi, ni ban iya ba, maigida ya shanye nasa da nawa. Shi ne kuma ya ci kokorec, hanjin rago da ake naɗewa a ƙarfe a gasa a daddatse cikin burodi, ya ce a ƙaro.

Abin da ya fi burge ni da ita, ko sau ɗaya ba ta tsayar da mu a gaban mai sayar da wani abu don mu saya ba. Da muka dawo ɓangaren Turai na ce ina son kayan ƙamshi a Kasuwar Masar, ta ce in shiga in kalla, amma in saya a lungunan da ke bayanta inda matan gari suke saye. Ta kai mu Masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557, muka yi la'asar, muka zauna a gidajen abincin da ke fuskantarsa muka ci kuru fasulye, farin wake da aka dafa cikin man shanu da tumatir har ya yi luguf, a kan shinkafa. Abincin talakan gari ne, kuma ya fi mini duk wani abu mai tsada da muka ci a tafiyar. Ta rufe da baklawa mai koren fistik (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) na garin Gaziantep, da kunefe mai zafi da cuku ke miƙewa a ciki. A ranar na ce wa maigida na yafe wa kamfanin.

Yafiyar ba ta yi nisa ba. Ranar Laraba, wadda ya kamata mu huta, muka yi sammako muka je Topkapi da ƙafarmu, muka sayi tikiti daga aljihunmu a karo na biyu. Layin da aka tsorata mu da shi bai ɗauke mu wani lokaci ba. Na shiga ɗakin Amanonin ana karatun Alƙur'ani, don akwai alaramma a zaune ana karɓa-karɓa ba a yankewa. Na ga takubban da ake dangantawa ga Manzon Allah da halifofi huɗu, da bakansa, da mabuɗan Ka'aba, da tsohon indararonta, da sandar da ake cewa ta Annabi Musa ce. Alkyabbar ba a buɗe take ba, tana cikin akwatin zinariya, daga nesa ake hango shi. Ko hakan ya ishe ni. Na daɗe a tsaye ina salati, ba wanda ya ce in yi sauri. Ina fitowa sai haushin ya dawo sabo, don na ga abin da aka so a hana ni saboda darduma. Da jirginmu ranar Laraba zai tashi, da haka zan koma ban gani ba, kuma na tabbata cikin waɗanda muka shiga motar nan tare akwai wanda hakan ta faru da shi.

Daga can muka wuce Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, wurin da ko a jadawalinsu ba su sa shi ba. Da katin nan namu muka je muka dawo, ba ɗan jagora, ba rigima.

Sai kuma cin abincin dare a jirgin ruwa a kan mashigin tekun Bosforus, wanda su suke ɗauka shi ne ƙololuwar tsarin. Ba su gaya mana cewa za a yi ta zuba giya a teburan da ke kewaye da mu ba, ko cewa za a fito da mai rawar ciki ta bi tebur-tebur. Sun san ko su waye mu, sun ga shigarmu tun a filin jirgi. Kazar ma a sanyaye aka kawo ta. Muka hau saman jirgin muka zauna cikin iska muna kallon fitilun gada har aka dawo bakin ruwa. Jirgin fiton da matar nan ta sa mu a ciki ya fi wannan daɗi nesa ba kusa ba, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga mai tambayata, in za su yarda su sayar maka da zagayen abincin shi kaɗai, ka saya, ka kuma roƙi a ba ka mai tafiya da kai a ƙafa da jirgin fito. Yawon wuraren tarihi kuwa kada ka ba su. Sultan Ahmad da Aya Sofiya da Topkapi duk a unguwa ɗaya suke, tiram yana ajiye ka a gabansu. Ka fara da Topkapi da safe, ka tuna ba a buɗe ta Talata, Babbar Kasuwar garin (Grand Bazaar) kuma ba a buɗe ta Lahadi. In har ka riga ka biya, to ka sa su nuna maka tikitin a hannu kafin ka shiga motarsu, kuma duk wanda ya ce a je a sha shayi kafin layi ya ragu, ka ce masa a cikin layin za ka jira.

Kuɗin tikitin kuwa mun tura musu rasit da hoton saƙon da suka yi alkawari a ciki. Sun ce za su duba. Maigida ya ce in bar su da Allah, ni kuwa na ce haƙƙinmu ne, kuma jiya ma na sake tura musu.