Smart da Saban: wa ya iya riƙon kwatabak biyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kirby Smart, kocin ƙungiyar Jami'ar Jojiya, ya yi kuskure da ya ci gaba da sa Jake Fromm ya bar Justin Fields a benci, har Alabama ta doke Jojiya da ci 35 da 28 a wasan ƙarshe na gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, ranar 1 ga Disamba 2018 a Atlanta. Bari in jera maka kocin biyu, domin kowannensu kwatabak biyu yake da su a ranar. Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari a zari-rugar Amurka.

A wajen Smart, ni ban ga laifin riƙe Fromm ba. Yaron ya jefa ƙwallo ta yadi 301, uku daga cikin jifansa suka zama ci, har Jojiya ta yi gaba da 28 da 14. Shi ne kuma ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar da ta gabata. Wa zai sauke mai irin wannan hannu?

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi da Fields. Duk kakar, jifa 39 kacal ya yi. A shigo da shi ya ruga sau ɗaya, a mayar da shi benci. Sai ga shi ana 28 da 28, saura kamar minti uku, ƙwallo tana tsakiyar fili, Jojiya na neman yadi 11 a damarta ta huɗu, wato ta ƙarshe kafin ƙwallo ta koma hannun Alabama. Smart ya jera 'yan wasa kamar za a buga ƙwallo da ƙafa a mayar wa Alabama, ya saka Fields a cikinsu don a yi yaudara. Alabama ta gane, ba ta janye masu tsaronta ba. Aka miƙa wa Fields ƙwallo, ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, ya ruga, aka kayar da shi bayan yadi 2. Ka ɗora wa yaro ɗan shekarar farko kaya mafi nauyi a lokacin da bai ko ɗumama jiki ba!

Nick Saban, kocin Alabama, kuwa, a Janairun shekarar ya cire Jalen Hurts a hutun rabin lokaci ana cin su 13 da nema, ya sa Tua Tagovailoa, suka doke wannan Jojiyar 26 da 23. Amma bai yar da Hurts ba, ya riƙa ba shi lokaci yana jifa na gaske. Da Tua ya ji ciwo a idon sawu a zangon ƙarshe, Hurts ya shigo a shirye: ya jefa wa Jerry Jeudy aka yi kunnen doki, sannan bayan waccan yaudarar da ta watse ya ruga yadi 15 da ƙafarsa ya ci wasan.

Nan bambancin yake. Saban ya tanadi na biyunsa don ranar buƙata, Smart ya ajiye nasa don dabara guda. Bayan 'yan makonni Fields ya tattara ya koma Jami'ar Ohio State, inda a 2019 ya jefa ci 41, sau 3 kawai aka tare masa ƙwallo. Da ni ne Smart, Fromm zan bari a fili, in buga ƙwallon nan da ƙafa, Alabama ta taso daga can ƙarshen gidanta.