Na'urar duba mota ELM327 bayan wata uku a hannuna

Jama'a wata uku kenan ina amfani da 'yar na'urar nan ELM327, wadda ake sokawa a ƙasan sitiyari ta haɗu da waya ta bulutut, kuma na ga gara in faɗi abin da na gani don mutane da yawa suna sayenta da tunanin sun rabu da bakanike kenan.

Soket ɗin da take shiga mai fil 16 ne, OBD-II ake ce masa, Amurka ta wajabta shi a motoci tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, masu dizal kuma 2004, to in dai motarka ba tsohuwa ce tukuf ba da wuya ka rasa shi. Ni da manhajar Torque nake haɗa ta. Ranar farko ko minti biyu ba a yi ba ta nuna min dalilin da fitilar gargaɗin injin ta kama, ta ba ni lambar matsala: P0171. Wato iska ta rinjayi mai a cikin injin, domin injin fetur kusan kashi 14.7 na iska yake so ga kashi 1 na mai.

Nan ne fa na yi kuskure. Na kai wa wani bakanike lambar, ko bonet bai buɗe ba ya ce sensar salansa ce, wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, aka canza, bayan kwana huɗu fitila ta dawo. Raina ya ɓaci sosai har na fara zargin na'urar, ashe ita gaskiyarta ta faɗa, sensar lafiyarta ƙalau, rahoton abin da take gani kawai ta kawo.

Sai na je wurin wani dattijo. Wallahi aikinsa ne ya sa nake wannan rubutun. Bai raina na'urar ba, cewa ya yi in buɗe masa inda take nuna yawan man da kwamfutar mota ke ƙarawa don cike gibi. Mota tana silo lambar ta haura 20 cikin ɗari, ya ce in taka totur in riƙe, sai ga ta ta sauko ƙasa sosai. Ya tambaye ni, “Ɗana, in ka tsaya a danja tana rawa?” Na ce ƙwarai kuwa Baba. Ya yi shiru, ya kara kunne kusa da injin, ni ban ji komai ba amma shi ya ji wani ɗan siririn huci, ya bi da yatsa har ya lalubo tsagar da ke jikin wani tiyon roba ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Bayaninsa ya zauna min. A silo iskar da ke shiga injin kaɗan ce kuma zuƙar tana da ƙarfi, don haka 'yar iskar da ke satar hanya ta tsaga tana da tasiri, in ka taka totur kuwa sai ta ɓace a cikin iska mai yawa. Da famfon mai ne ya yi rauni ko nozul ya toshe, da lambar man da ake ƙarawa hawa za ta yi lokacin da injin ke neman mai da yawa. Lamba ɗaya ce P0171 amma abubuwa kusan biyar na iya jawo ta, shi ya san su duka a ka, sai ya yi ta tsame su ɗaya bayan ɗaya da abin da ya gani da wanda ya ji. Tiyo aka canza, har yau fitila ba ta sake kamawa ba.

Inda na'urar ta gaza: tawa lambobin injin kawai take karantawa, masu farawa da P, ba ta shiga ɓangaren birkin ABS. Kwaikwayonta kuma sun cika kasuwa, ingancinsu ba ɗaya ba ne. Kada ka bar ta a soke kwana da kwanaki don soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, tana iya shan batir. Sannan don Allah kada ka yi saurin goge lamba, gogewar tana tafiya da bayanan da mota ta ajiye na lokacin da matsalar ta faru, irin zafin injin da gudunsa, kuma su mai gyara na ƙwarai zai fara nema.

Zan ba ta huɗu cikin biyar. Yanzu kafin in je gareji sai na ɗauki hoton lambar da waya, in rubuta yaushe motar ke rawa, da sanyin safiya ne ko bayan ta yi zafi, in haɗa duka in miƙa wa Baba.