Ditto ta fitar da ni kunya, amma sai da na koyi share bayanta

Shagon buga takardu nake da shi a Samaru, kuma duk wanda ya san lokacin furojet ya san yadda muke kwana. Ƙanena ne ya saka min wata manhaja mai suna Ditto a kwamfutar tebur, ya ce tana ajiye duk abin da mutum ya kwafa. Na ce to, na manta da ita.

Ranar wata Laraba wata ɗaliba ta kawo aikinta, tana so a raba babi-babi kafin la'asar domin malaminta zai yi tafiya. Na zaɓi babi na uku gaba ɗaya, shafi goma sha tara da na kwana biyu ina bugawa daga rubutun hannunta, na yanke shi da Ctrl+X zan kai sabon fayil. Hannuna ya saba, sai kawai na danna Ctrl+S na adana tsohon fayil ɗin ba babin a ciki. Kafin in manna, ɗif, aka ɗauke wuta. Batirin UPS ɗina kuwa, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya daɗe da mutuwa, kullum sai in ce gobe zan canja.

Yaro ya tayar da inji, kwamfuta ta dawo, na buɗe fayil: daga babi na biyu sai na huɗu. Na danna Ctrl+V in manna, babu komai. Gumi ya karyo min. Ita ko tana zaune a benci tana danna waya, ta ɗago ta ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, minti biyu." Wallahi ban san me zan yi da minti biyun ba.

Sai na tuna maganar ƙanena. Na danna Ctrl tare da madannin nan da ke ƙarƙashin Esc, ɗan akwati ya fito, ga babi na uku a sama yana kallona. Na danna shi sau biyu ya zauna daram, har da kanun rubutu da tazarar layi. Ashe ita Ditto a faifan kwamfuta take rubuta abin da ka kwafa, shi ya sa kashewa ba ta cinye shi. Irin wannan akwatin na Windows da ake buɗewa da Win+V guda 25 yake riƙewa, kuma da ka sake kunna kwamfuta ya share, sai wanda ka kafe. Ditto ɗaruruwa take tarawa, ga wurin nema, kuma kyauta ce.

Tun daga ranar na zuba ƙ, ɗ da ɓ a cikinta na hana ta goge su, na huta da farautar su in ana buga takardar Hausa. Hoton allo ma da nake ɗauka da Win+Shift+S yana faɗawa ciki. 

To amma yabon nan da saura. Bayan mako biyu ina neman wani adireshi a cikinta gaban kwastoma, sai ga lambar NIN ta mutane, lambar asusun banki, har da kalmar sirrin imel ɗina, jere reras kowa na gani. Laifina ne, an ce tana ajiye komai kuma komai ɗin ta ajiye. Sai dai a shago irin nawa da yara uku ke taɓa kwamfuta ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kusa cire ta a daren. Abin da ya hana ni babi na ukun nan ne.

Yanzu kowane dare kafin in rufe shago sai na bi jerin na goge abin da ya shafi mutane, kalmar sirri kuwa da hannu nake bugawa. Batirin UPS dai har yanzu ban canja ba.